Tanki ba kifi, amma an ce cutar na nan ciki: muhawara daga zauren masu kiwon kifi

Mai Gilashi, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka taɓa leƙowa shagona sun san tankin ruwan gishirin nan mai lita 300 da na haɗa da hannuna bara. Kifi bakwai ne a ciki, wata tara ko ciwon kai babu. Sai aka kawo mini wani shuɗin kifi daga Duwala ta jirgi, ɗoki ya sa na zuba shi kai tsaye. Kwana biyar sai ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Suka ɓace da kansu, na yi hamdala. Mako na zagayowa abin ya dawo, wannan karon ba wanda bai kamu ba. Suna goga jiki a dutse, suna haki a saman ruwa. Cikin kwana goma na tsame gawa biyar, ɗaya ya ɓace ko ƙashinsa ban gani ba, biyu na kwashe na sa a baho ranar 3 ga Maris. Abin da ya rage a tankin: duwatsu, yashi, murjani mai laushi guda huɗu (halittar teku ce mai rai da ke manne a dutse), dodon koɗi, da jatan lande biyu. Me zan zuba ya kashe abin nan in mayar da kifina gida?

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Mu nan in farin ɗigo ya kama 'ya'yan tarwada ko karfasa, gishiri muke zubawa, kwana kaɗan su murmure. Nemi gishiri mai kyau ka zuba.

Ɗan Njamena: Baba, Allah ya ƙara girma, ruwan nasa fa giram 35 na gishiri ne a kowace lita. In ya ƙara sai dai ya yi banda.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: To ai ni tun farko na ce masa kifin teku a Garwa neman magana ne. Ga Binuwai a ƙofar gida, mutum ya sayi gishiri a buhu yana kwaikwayon Kiribi ta bakin teku.

Hajiya ta Marwa: Baba kar ka ƙara masa zafi. Ƙanena, ka gwada ganyen dogon yaro? Ko tafarnuwa? Ni su nake jefa wa jajayen kifina na tsakar gida.

Likitar Shanu, Ngawundare: Sannu da jimami, Mai Gilashi. Kafin kowa ya ba ka magani, tambaya ɗaya. Ɗigon ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ko kuwa kamar ƙurar hunturu ce ta lulluɓe kifin?

Mai Gilashi, Garwa: Ana ƙirgawa, Dakta. Kamar ƙwayar gishiri, a fikafikai da gefen ido.

Likitar Shanu, Ngawundare: To alama ta fi karkata ga Cryptocaryon irritans, farin ɗigo na ruwan teku. Da mai kama da ƙurar ce, Amyloodinium, da wuya su kai kwana goma, kwana biyu ko uku take share tanki. Tabbaci sai an kankaro majinar jikin kifin an duba a madubin likita, amma shawarar da zan ba ka a kan tankin ta shafi duka biyun.

Baba, naka farin ɗigon na ruwan daɗi sunansa Ichthyophthirius. A ido kamarsu ɗaya, amma ba dangin kusa ba ne. Naka gishiri na wahalar da shi, wannan kuwa gishiri ne gidan ubansa.

Ni shanu na sani, bari in yi misali da kaska. Kaska na shan jini a jikin saniya, in ta ƙoshi ta faɗo ƙasa ta yi ƙwai, 'ya'yan su hau ciyawa su jira wata saniyar. Wanda ya wanke saniya ya mayar da ita makiyayar da ta kwaso kaskar bai yi komai ba. Haka wannan ƙwayar take. Tana kwana 3 zuwa 7 a ƙarƙashin fatar kifi tana ci. Sai ta saki jikinsa, yawanci da duhun asuba, ta faɗa ƙasa ta yi 'yan sa'o'i tana rarrafe, ta manne a dutse ko yashi ko gilashi, ta rufe kanta da ƙwanso mai tauri. A ciki take rarrabuwa, ɗaya ta zama ɗaruruwa. In ƙwanson ya fashe su fito suna iyo suna neman kifi. Wadda ba ta samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu, ta mutu.

Ranar da ka yi hamdala ɗin nan ba warkewa ya yi ba. Sauka suka yi su hayayyafa.

Mai Gilashi, Garwa: Innalillahi. To wane magani ke fasa ƙwanson?

Likitar Shanu, Ngawundare: Wanda zai fasa shi ya bar maka murjani da jatan lande da rai, babu. Yunwa ce kawai. Ba ta cin murjani, ba ta cin dodon koɗi, kifi kaɗai take ci. Ka bar tankin yana aiki, injin juya ruwa a kunne, fitila a kunne, amma ba kifi ko ɗaya, har ƙwanso na ƙarshe ya fashe 'ya'yan su rasa abinci. Masu wannan kiwo kwana 76 suke ƙirgawa.

Mai Gilashi, Garwa: Saba'in da nawa?

Hajiya ta Marwa: Hhhh ko jego ai kwana 40 ne. Wannan saura kaɗan tanki ya shiga takaba.

Ɗan Njamena: Dakta, da girmamawa, wannan shawarar mutanen ƙasar sanyi ce. Shekara huɗu ina kula da tankin wani otal a nan, irin wannan ta taɓa faɗa mana. Ba mu jira komai ba. Muka zubar da ruwa, muka jiƙa duwatsu da matata da bututu a ruwan jabel, wato bilic, kwana ɗaya, muka ɗauraye har warin ya tafi, muka baza komai a rana mako guda. Yashi kuwa muka watsar. Ranar Garwa a watan Maris, wace ƙwaya ce za ta sha? Allah ya ba mu makami kyauta a sama, a ce mu zauna muna ƙirga kwanaki?

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Kai yaro, ka san gaiwa? Tafki ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage, tana can ƙarƙashi a naɗe cikin ƙwansonta. Ruwan farko na sauka ta fito. Abin da ya iya ƙwanso ba ya tsoron rani.

Likitar Shanu, Ngawundare: Misalin ya yi kyau, Baba, amma a nan Ɗan Njamena ne da gaskiya. Wannan ba gaiwa ba ce. Halittar teku ce, teku kuma ba ya ƙafewa, don haka ba ta koyi jure bushewa ba. In ta bushe sarai ta mutu, jabel ma na kashe ta. Sharaɗin shi ne bushewar ta kai ciki. Dutsen murjani duk ramuka ne kamar soso, bayansa zai bushe da azahar, cikinsa ya kwana biyu da laima.

Ɗan Njamena: Kun ji ko. Shi ke nan, a rufe magana.

Likitar Shanu, Ngawundare: Ban gama ba, Yaya. Tankin otal ɗinku akwai murjani mai rai a ciki?

Ɗan Njamena: Na roba ne.

Likitar Shanu, Ngawundare: To ka ga bambancin. Shi Mai Gilashi yana da huɗu masu rai, kowanne a manne da ɗan dutsensa, kuma ƙwanson na iya zama a jikin wannan dutsen, ko a bayan dodon koɗi. Ba zai sa su a jabel ba. Duk inda ya ajiye su sai sun yi kwanakinsu ba kifi, in ba haka ba ranar da ya mayar da su ya mayar da cutar da hannunsa. Sannan jabel ba ya zaɓe. Ƙwayoyin kirkin da ke zaune a duwatsu suna cinye amoniyar kashin kifi, da su zai tafi. Kafin su sake kafuwa mako huɗu zuwa shida ne. Ka haɗa da makon shanya, ka ga ribar taka ba ta kai yadda kake tallarta ba, ga kuɗin sabon gishiri na lita 300 da sai an aiko daga kudu.

Ɗan Njamena: Murjani huɗu ne fa kawai. Ni da ni ne, in yi musu salla in huta.

Mai Gilashi, Garwa: Yaya, ɗaya daga cikinsu kamar kan yatsa na same shi, yanzu ya kai tafin hannu. Kullum da safe kafin in ɗaga ƙofar shago sai na tsaya na ga ya buɗe. Ba zan iya ba.

Ɗalibi, Marwa: Gafara dai manya, in sa baki. Na bi asalin 76 ɗin nan. Wasu masana biyu, Colorni da Burgess, a rubutunsu na 1997 suka ambaci ƙwanson da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, masu kiwo suka ɗora 'yan kwanaki a kai don kariya. Amma a ɗakin gwaji ne, a ruwa mai sanyi. Galibi tsakanin kwana 3 da 28 suke fashewa, kuma ɗumi na gaggauta su. Shi ya sa wasu ke cewa in ruwa ya tsaya a digiri 27, kwana 45 ya isa. Mu da ruwan randa ma ke ɗumi a Afrilu, me zai kai mu 76?

Likitar Shanu, Ngawundare: Ka yi karatu, ƙanena, kuma ba zan ce masu 45 sun yi ƙarya ba. Mai kama da ƙurar ma mako shida ake ba ta. Ga abin da ya sa ni dai ba na saukowa. Ƙwanson da ya faɗa inda iska ba ta kaiwa, ƙarƙashin yashi mai kauri ko gindin dutse, yana iya dakatar da rarrabuwa ya yi kwance har sai iska ta dawo. Su masu 45 injinsu ba ya tsayawa dare da rana. Mai Gilashi, sau nawa aka ɗauke muku wuta makon jiya?

Mai Gilashi, Garwa: Dakta bar tone-tone. Ranar Laraba tun hantsi sai bayan isha'i. Da ludayi na yini ina kwarfar ruwa.

Likitar Shanu, Ngawundare: To ka ji. Bambancin 45 da 76 wata ɗaya ne. Kuskure kuma na nufin a koma farko da sabbin gawarwaki. Kowa ya auna da aljihunsa.

Ɗalibi, Marwa: Amma Dakta, ɗaukewar wuta ta yini ɗaya ba za ta mayar da tanki duka marar iska ba ai.

Likitar Shanu, Ngawundare: Duka a'a. Lungu ɗaya ya isa. Shi ya sa nake so duk mako ya tona yashin da yatsa a hankali, ɓangare-ɓangare, ya hura ramukan duwatsu da sirinji babba.

Hajiya ta Marwa: Ni tambayar jahila zan yi. Tun da zafi na gaggauta su, me zai hana ya kashe fanka ya bar Garwa ta yi aikinta?

Ɗan Njamena: Hajiya, murjani ya fi kowa raki. Ruwa na wuce digiri 30 zai fara koɗewa. Zafin da zai dafa ƙwanson, wajen digiri 40, kafin a kai can komai na ciki ya riga shi lahira. Ya riƙe 27 zuwa 28 in zai iya. Fanka a saman ruwa, gorar ƙanƙara a rufe in rana ta take. Kuma Mai Gilashi ka kula, fanka na shanye ruwa amma gishiri na nan. Abin da ya ragu da ruwan daɗi tatacce za ka cike, ba na gishiri ba. Ma'auninka na gishirin ruwa ya zauna a 1.025.

Mai Gilashi, Garwa: Wannan na sani, wajen lita biyar nake ƙarawa a yini yanzu. To na ji, na haƙura. Daga 3 ga Maris, 76 ya kama 18 ga Mayu. Su biyun da ke baho fa? Ɗigonsu ya ɓace tun shekaranjiya.

Likitar Shanu, Ngawundare: Ka sake yin hamdalar farko ke nan. Suna ɗauke da ita, kuma bahon ma yanzu ya zama makiyaya. Hanya uku ce. Ta farko maganin tagulla na kifin teku, kwana 30, a tanki tsirara: ba yashi ba dutse, don suna shanye maganin, sai guntayen bututun roba su ɓuya a ciki. Tagulla 'ya'yan da ke iyo kawai take kashewa, shi ya sa ba a yarda ta sauka ko na yini ɗaya. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa kuma tazarar kaɗan ce. In ba ka da abin auna ta, kar ka fara. Kuma ko da wasa kar ɗigo ɗaya ya shiga babban tankin, jatan lande da dodon koɗi da murjani duk za su tafi, duwatsun su riƙe ta su yi ta saki a hankali.

Ta biyu rage gishiri zuwa 1.009 har wata guda. Tana aiki a kan wannan, ba ta aiki a kan mai kama da ƙura, kuma sai ma'auni mai gaskiya.

Ta uku ita na fi so maka, don ba ta son komai sai bokiti da ƙwazo. Baho biyu, kowanne da bututun iskarsa da ragarsa. Kifi ya yi kwana uku a na farko, kafin awa 72 ta cika ka mayar da shi na biyu mai sabon ruwa. Na farkon ka wanke da jabel ka shanya. Haka har sau huɗu, wajen kwana 13. Duk wadda ta sauka daga jikinsa ta yi ƙwanso, kafin ta fashe ka riga ka tashi ka bar mata kango.

Ɗan Njamena: A nan dai ranata ta yi amfani.

Likitar Shanu, Ngawundare: A nan kam ba ta da na biyu.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Wannan ai ƙaurar Fulani ce. A bar wa kaska tsohon mashekari.

Ɗalibi, Marwa: Na ga wasu na amfani da kulorokin, maganin zazzaɓin nan na da.

Likitar Shanu, Ngawundare: Ana yi, a tankin jinya kawai. Sai dai ba ka da yadda za ka auna abin da ya rage a ruwa a gida, kuma wanda za ka samu a tebur a kasuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Bar shi. Hajiya, tafarnuwa kuma tana iya sa kifi ya ci abinci, ba ta kashe ƙwayar. Dogon yaro a ruwan murjani kuwa, ina roƙon arziki.

Hajiya ta Marwa: Na janye, Dakta. Nawa dai ba su taɓa ƙorafi ba.

Ɗan Njamena: Abu biyu da ba a faɗa ba. Baho ya bar shagon gaba ɗaya, ko aƙalla mita uku daga tankin, don feshin kumfar iska na tsallakawa. Hannu, raga, tiyo, kofi, kowane ɓangare da nasa. Kuma duk bayan kwana biyu ko uku ka jefa ɗan abinci kaɗan a tankin da ba kifi, jatan lande su ci, ƙwayoyin duwatsu su samu abin yi. Kar kuma ka ce tun da ba kifi bari in ƙaro sabon murjani. Duk jiƙaƙƙen abin da ya shiga daga tankin wani, lissafi ya koma ɗaya.

Shugaban Zaure: Madalla. Na maƙala bayanin Dakta a sama don masu zuwa daga baya. Masu tallar abincin tarwada a tsakiyar muhawara, na goge, kar a sake.

Mai Gilashi, Garwa: Jama'a, ku tashi. Yau kwana 19. Jiya da dare wuta ta tafi, na haska tocila ina duba zafin ruwa, sai ga ido biyu a bakin wani rami ƙarƙashin babban dutse. Wanda na ce ya ɓace ne. Ɗan kifin nan mai tona yashi da ake kira gobi, bai kai ɗan yatsa ba. Ashe abincin da nake jefa wa jatan lande shi ke yi wa rabo. Jikinsa fes, ko ɗigo ɗaya babu. Don Allah Dakta ki ce bai ɓata lissafi ba.

Likitar Shanu, Ngawundare: Ina ma in iya. Kifin da ya sha cutar ya tashi yana samun kariya ta wani lokaci, ba za ka ga komai a fatarsa ba, amma 'yan kaɗan na iya zama a wurin numfashinsa, ƙarƙashin marfin kumatu. Kaɗan ɗin sun isa su riƙe zuriya. Kwana 19 ɗin nan tankinka bai zama ba kifi ba ko na awa ɗaya.

Ɗan Njamena: Da an bi ta jabel da tuni an san da shi.

Hajiya ta Marwa: Da tuni an yi jana'izarsa dai. Kai Ɗan Njamena ba ka da tausayi.

Ɗalibi, Marwa: Idan kariyar tasa ta yi ƙarfi fa, ba mai yiwuwa ba ne duk sun mutu sun rasa mai karɓarsu?

Likitar Shanu, Ngawundare: Mai yiwuwa ne. Za ka sa kifinka biyu a kan mai yiwuwa?

Mai Gilashi, Garwa: Matsalar yanzu kamu. Na kai raga sau goma, kafin ta taɓa ruwa ya shige. In na ɗaga duwatsun nan murjani zai ji jiki, kuma ramin nasa ya bi ƙarƙashin uku.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: To yanzu aka zo wurina. Ku da digiri da awa, ɗan kifi kamar tsinke ya gagare ku. Ɗana, ajiye ragar nan, kifin rami ba a binsa, kiransa ake. Ka san gura da muke kafawa a tafki? Baki faɗi, maƙogwaro ƙunci, shiga da sauƙi fita da wuya. Samo gorar ruwa ta roba ƙarama, wanke ta sarai ba sabulu. Yanke ta daga kafaɗa, juya bakin ya kalli ciki, huda ƙananan ramuka a jiki don ruwa ya ratsa. Kwana biyu kar ka jefa komai a tankin, yunwa ta taɓa shi. Daren na biyu sa ɗan naman jatan lande a gindin gorar, kwantar da ita bakin na kallon raminsa, binne rabinta a yashi yadda zai shiga yana tafe a ƙasa kamar yadda ya saba. Kashe fitila ka tafi gida. Kar ka tsaya kana leƙe, yana ganinka.

Ɗan Njamena: Jatan landen nasa ne za su riga shiga.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Su shiga mana. Ganinsu a ciki suna ci shi zai fito da shi.

Mai Gilashi, Garwa: Baba! Allah ya ja kwana, Allah ya ƙara lafiya. Yau da asuba na buɗe shago, ga shi a gora shi da jatan lande ɗaya, sun cinye naman tas. Usoko, na gode. Yana bahonsa shi kaɗai, zai fara tasa ƙaurar. Na mayar da jatan landen. Yau 24 ga Maris, na ƙirga sau biyu, 8 ga Yuni ke nan. Na rubuta a jikin gilashin da alƙalamin da nake zana ma'auni.

Likitar Shanu, Ngawundare: Barka. Ka bar gorar a ciki dare biyu ko uku, ka kuma sake ƙirga gawarwakin da ka tsame tun farko, ka tabbata biyar ne da idonka ba da zato ba.

Mai Gilashi, Garwa: Biyar ne, Dakta. Yarona ne ya binne su a gindin mangwaro, ya ce in ana so ya tono.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Turo hoton ɓarawon mu gani.

Baba Mai Tarwada, Lagdo: Wannan ɗan abin? Ko a miya ba za a gan shi ba. Nawa ka saye shi?

Mai Gilashi, Garwa: Baba, uwargida na cikin zauren nan. Sai na zo Lagdo.